Gayun tafiya: Abin da ɗan Karare ke zubawa a waya kafin ya hau hanya

Waƙar fim, samfurin ɗinki da kuɗin mota duk sun koma cikin waya. To amma a hanyoyin Batsari da Safana, akwai saƙon da ya fi su duka daraja

WASHEGARIN Sallah, tun rana ba ta yi zafi ba, tashar motar Batsari kan cika maƙil da matafiya. Babura na ta sauke samari, wasu daga Ruma, wasu daga Wagini, wasu kuma daga Karare. Wannan Katsina za shi kallon hawa, wancan Kano ya nufa don ya ga 'yan fim ido da ido a wajen gala, wani kuma sai Maraɗi, gaida dangi. Baƙon da ya tsaya ya ƙare masu kallo zai iya zaton wasun su ba su samu ɗinkin Sallah ba. Tsohuwar riga ce a jikin su, da silifas, ba agogo, ba zobe.

Ina! Ɗinki kam an yi shi. Ya na cikin 'yar jakar nan da saurayin ya rungume a ƙirji: shadda ta sha bugu an ninke ta a leda, hula an cusa mata takarda don kada karin ta ya lalace, ga kwalbar turare a gefe. Sai an sauka birni, an shiga gidan wani ɗan'uwa an watsa ruwa, sannan ɗan gayu zai fito sak kamar an ciro shi daga fosta.

Abin da ba ya shiga jaka shi ne waya. Kafin ɗan kamasho ya gama cika mota, kowa ya duba ta sau biyu ko uku. Caji ya cika? Waƙoƙin da aka tura jiya sun hau? Akwai kuɗi a asusu? Sai kuma babbar tambaya, wadda ake aika wa wanda ya riga ya wuce da asuba: "Ɗan'uwa, yaya hanya?" In amsa ta dawo da "Lafiya lau, ku taho," sai a yi bisimilla. In aka ji "Ku dakata tukuna," to ko Ali Nuhu ne ke jira a Kano, an fasa.

Karare dai mazaɓa ce a Ƙaramar Hukumar Batsari, a yammacin Jihar Katsina. Batsari da maƙwabciyar ta Safana duk su na bakin dajin Rugu, wanda ya miƙa har cikin Zamfara. Manoma ne da makiyaya da 'yan kasuwa, kuma masoya fim ne na gidi, kamar sauran Hausawa. Sai dai shekarun da yankin ya kwashe cikin matsalar 'yan bindiga sun sauya masu ma'anar tafiya, sun kuma sauya ma'anar gayu.

DAGA KASET ZUWA MEMORI

Mota da waƙa tsofaffin abokai ne a ƙasar Hausa. Tun zamanin Fijo 504 da J5, direban da ya san kan sa ba ya rabo da akwatin kaset. Alhaji Mamman Shata, wanda ya rasu a 1999, ya yi wa direbobi waƙa. Ɗanmaraya Jos ya yi "Karen Mota". Gurmin Haruna Uji kuwa kusan a tasha ya yi wayo. Fasinja ba shi da zaɓi a lokacin: abin da direba ya sa, shi za a ji har a sauka.

Da fim ɗin "Sangaya" na kamfanin Sarauniya ya fito a 1999, sai lissafi ya sauya. Kiɗan fiyanon Yamaha da ake haɗawa a situdiyo irin na Iyan-Tama a Kano ya mamaye tashoshi. Furodusoshi su ka gano cewa kaset ɗin waƙa shi ne babban ɗan tallar fim, don haka sai a saki waƙoƙin tun fim bai fito ba. Direban da ya sayi kaset a Ƙofar Wambai ko Bata, kafin mako ya zagayo ya koya wa rabin Batsari amshi. Yarinyar da ba ta taɓa zuwa Kano ba sai ka ji ta na rera waƙar fim ɗin da ko a Kano ba a fara gani ba.

A watan Agusta na 2001 wayar GSM ta shigo Nijeriya. Da farko ta masu hali ce. Amma da wayoyin Caina masu cin memori su ka cika kasuwa, sai kowane fasinja ya zama direban kan sa ta fuskar kiɗa. Aka fara tura waƙa ta Bluetooth, ɗaya bayan ɗaya, ana jira kamar ana jiran tuwo ya nuna. Sannan aka samu masu turi, wato samarin nan da ke zama da kwamfuta a bakin kasuwa ko a shagon cajin waya, ka ba su 'yan canji su cika maka memori da waƙoƙi da finafinai. Daga baya manhajoji irin su Xender su ka zo, waɗanda ke haɗa waya da waya kai-tsaye ba tare da cin data ba. Fim sukutum sai ya tsallaka daga wannan waya zuwa waccan kafin mai shayi ya gama soya ƙwai.

'Yan industiri ba za su manta da wannan zamani ba, domin turi na daga cikin abubuwan da su ka durƙusar da kasuwar sidi. Furodusa ya kashe kuɗin sa, mai turi ya ci riba. Hakan ya taimaka wajen tura masu shirya fim zuwa YouTube da talbijin, inda finafinai masu dogon zango irin su "Izzar So" na Lawan Ahmad da "Labarina" na Aminu Saira su ka yi tashe daga 2020. Amma ga ɗan ƙauye, hanyar kallo ba ta sauya sosai ba. Wanda ya shiga gari inda sabis ke da ƙarfi shi ke sauke sabon kashi, ya dawo gida ya raba wa abokai. Matafiyi ya zama ɗan aiken Kannywood ba tare da an ɗauke shi aiki ba.

KOWACE HANYA DA KIƊAN TA

Mai lura zai gane cewa waƙar da ke tashi a mota kan bi inda motar ta dosa. In an kama hanyar Kano, sau da yawa Nura M. Inuwa ne ko Umar M. Shareef, ko Hamisu Breaker, wanda "Jarumar Mata" ɗin sa ta sa matan aure rawa a gaban mazajen su lokacin kullen korona a 2020. Motar 'yan kai amarya kuwa ba sai an tambaya ba, Ado Gwanja ne. In an yi kudu wajen Funtuwa, garin da Shata ya zauna, da wuya a rasa dattijon da zai ce, "Direba, don Allah sa mana na manya."

Hanyar Jibiya zuwa Maraɗi ita ma da nata. Ai dangantakar tsohuwa ce. Bayan jihadi, sarakunan Katsina na Haɓe arewa su ka yi, su ka kafa sarauta a Maraɗi, shi ya sa har gobe sarkin can ake kiran sa Sarkin Katsina. Auratayya da cinikayya ba su taɓa yankewa ba. Fati Nijar, wadda muryar ta ta cika finafinan Hausa, 'yar Maraɗi ce. Kuma da zarar mota ta tsallaka Ɗan Isa, garin farko mai girma a ɓangaren Nijar, sai kunne ya fara cin karo da wani sauti dabam: jitar Buzaye.

A nan akwai wani labari da ya kamata duk mai memori a waya ya sani. Mdou Moctar, wani Buzu makaɗin jita ɗan Jihar Tawa a Nijar, Sakkwato ya zo a 2008 ya ɗauki kundin sa na farko mai suna "Anar". A situdiyon aka gyara masa murya da na'ura, irin gyaran nan da ake yi wa mawaƙan finafinan Hausa. Ba wani kamfani da ya tallata kundin. Daga waya zuwa waya waƙoƙin su ka riƙa tafiya, a tasha, a kasuwa, a bayan a-kori-kura, har su ka kai arewacin Mali. A can wani Ba'amurke, Christopher Kirkley, mai kamfanin Sahel Sounds, ya tsince su cikin waƙoƙin da ya ke tarawa daga wayoyin mutane, ya sa ɗaya a faifan da ya fitar a 2011. Daga nan ƙofa ta buɗe, Mdou Moctar ya shiga zagaya Turai da Amurka da jitar sa. Shi dai wannan kamfani, a 2013 ya fitar da "Harafin So", tarin waƙoƙin finafinan Hausa, don masu saurare na ƙasashen waje.

Ka ga ke nan saurayin da ke tura wa maƙwabcin sa waƙa a kujerar bayan Golf bai san iyakar inda za ta tsaya ba. Waƙa ba ta neman biza, kuma kwastan ba ya ganin ta.

FIM NE KUNDIN TELA

Haka zancen ya ke ta wajen sutura. Tun lokacin da sinimomin Kano irin su Plaza da Orion da Marhaba ke nuna finafinan Indiya, Bahaushe ya saba ganin jarumi da jaruma sun sauya kaya sau biyar a waƙa guda, yanzu su na lambu, an jima su na kan dutse. Da namu su ka fara, sai su ka ɗauki salon. Ana zuwa lokeshin Tiga ko Bagauda ko duwatsun Jos da akwatuna shaƙe da kaya, kowane baiti da shigar sa. 'Yan kallo kuwa ba labarin kaɗai su ke bi ba. Budurwa kan tsayar da kaset ta kira ƙawar ta su ƙare wa wuyan riga kallo. Saurayi kan yago shafin mujalla ko ya ciro fosta ya kai wa tela: "Maigida, irin wannan na ke so, kada ka rage komai."

A yau ba a yaga mujalla. Hoton jaruma ake ɗauka daga Instagram ko TikTok a tura wa tela ta WhatsApp, a tura masa kuɗin ɗinki ta waya, wani lokaci ma har awo. Telan Batsari na iya ɗinka abin da aka sa a biki a Abuja shekaranjiya. Ɗaurin ɗankwali ma haka ya ke yawo. Wanda ake kira "Zahra Buhari" ya zagaye Arewa bayan bikin 2016, ba tare da an buɗe makarantar koyar da shi ba.

In aka kwance jakar ɗan gayu aka bi kayan ɗaya bayan ɗaya, taswira ce guda. Hula Zanna Bukar da 'yar Bama daga Barno su ka samo suna. Lafaya da turaren wuta da humra sun biyo hanyar Maiduguri, Chadi da Sudan. Shaddar da ake kira gezna, kamfanin Getzner na ƙasar Ostiriya ke saƙa ta, masu rini na Bamako su ƙara mata daraja, a zo a saye ta a Kantin Kwari. Abaya da jallabiya tsarabar Makka da Dubai ce, kuma kowa na tune da yadda zancen abaya ya cika gari a Sallar 2021. Takalmin fata da dogon rawani kuwa na mutanen Agadas ne. Kuma ba kullum Bahaushe ne mai karɓa ba: baƙin turkuɗin nan mai ƙyalli da Buzaye ke naɗawa, a Kura ta Jihar Kano aka daɗe ana rina shi ana buga shi, fatake su na kai masu.

Ba a rabu da cece-ku-ce kan shigar 'yan fim ba. Tun da aka kafa Hukumar Tace Finafinai ta Jihar Kano a 2001, sutura na cikin abubuwan da ta fi sa wa ido, musamman daga 2007, zamanin Malam Abubakar Rabo Abdulkarim. Amma a yammacin Katsina, wata hukumar ce dabam ta hana gayu a kan hanya, wadda ba ta da ofis kuma ba a ɗaukaka ƙara a gaban ta. Inda ake sace mutane don kuɗin fansa, farar shadda da agogo mai ƙyalli tamkar allon talla ne. Wanda aka gani da shigar masu kuɗi, kuɗin masu kuɗi za a nema a kan sa, ko da kuwa bashi ya ci ya yi ɗinkin. Dalilin da ya sa kwalliya ta koma jaka ke nan. Ƙurar hunturu da taɓon damina a kan babur su ma sun taimaka, amma ba su ne kan gaba ba.

RANAR DA SABIS YA ƊAUKE

Wanda bai san yankin ba zai iya cewa an cika tsoro. To a Fabrairun 2020 kaɗai, mutum 30 aka kashe a ƙauyukan Tsauwa da Dankar na Batsari. A ƙarshen Agustan 2021 gwamnatin Alhaji Aminu Bello Masari ta fito da dokar ƙuntata wa 'yan bindiga: aka rufe hanyar Jibiya zuwa Gurbin Ɓaure da ta Ƙanƙara zuwa Sheme, aka taƙaita zirga-zirgar babura, aka hana saida fetur a jarka. A watan Satumba aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da Batsari da Safana da Jibiya, aka kuma hana sana'ar cajin waya a wurare da dama. Sai a Disamba aka fara maido da sabis.

Watannin nan uku sun koya wa mutane darasin da ba wata manhaja da za ta koyar. Babbar waya ta dubban nairori ta koma tocila. Ba kira, ba WhatsApp, ba tiransifa. Mai son gaida ɗan sa da ke Legas sai ya hau mota ya je inda sabis ya ke. Na kusa da iyaka wasu su ka koma laluben layin Nijar. Wasiƙa ta dawo, ana ba direba ya kai, kamar zamanin kakanni. Mafi ciwo, tambayar nan ta "yaya hanya?" ba ta da inda za ta bi. Sai dai a tsaya a tasha a jira motar da ta fito daga can, a karanta amsa a fuskar direba.

Me ya rage ya na aiki? Rediyo. Memori. Xender. Duk abin da mutum ya riga ya sauke ya adana, shi ne nasa. Abin da ya bari a intanet da niyyar "in na tashi zan duba", ya tafi da sabis. Finafinan da ke cikin wayoyi su ka yi ta zagaye gari har aka haddace su. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani, kuma guzuri tun a gida ake ɗaure shi.

GUZURIN CIKIN WAYA

Daga wannan darasi ne gogaggen matafiyi ke shirya wayar sa a yau. Ga yadda lissafin ya ke.

Taswira: Google Maps na ba da damar a sauke taswirar yanki guda a adana, ta yi aiki ko babu data. Ta na da rana ga baƙon da ya shiga Kano ya na neman Zoo Road, matattarar 'yan fim, ko wanda ya sauka Maraɗi ya na neman unguwar dangi. Sai dai taswira kwalta ta sani. Ba ta san wace hanya aka tare da safe ba, kuma gajeriyar hanyar da za ta nuna maka ta cikin daji na iya zama mafi tsawo a rayuwar ka. A nan direban tasha ya fi ta ilimi nesa ba kusa ba.

Saƙo: WhatsApp na da wurin da mutum zai nuna wa wani inda ya ke kai-tsaye na minti 15, ko awa 1, ko awa 8. Mutum guda amintacce ya isa, yaya ko mahaifi. Saƙon murya kuma ya sauƙaƙa wa wanda bai yi boko ba. Amma zaurukan gari su na da nasu ciwon: hoton harin shekara uku da ta wuce sai a sake turo shi a ce yanzu-yanzu ne. Kafin ka tura gaba, kira wanda ke wurin.

Kuɗi: ƙarancin takardun naira a farkon 2023, bayan sauya fasalin N200 da N500 da N1,000, shi ya tura jama'a da yawa ga OPay da PalmPay da Moniepoint. Yanzu har mai tsire na karɓar tiransifa. A Nijar kuma kamfanonin aika kuɗi irin su Nita da Amana ne a gaba, kuma sefa ake kashewa, don haka a nemi ɗan canji tun a Jibiya. Duk da haka a riƙe 'yan tsaba a aljihu don ranar da sabis zai yi gardama. Masu hankali kan goge saƙonnin banki kafin su hau hanya, saboda wayar da ta faɗa hannun mugu ita ke fara faɗa masa nawa ka mallaka.

Nishaɗi: Audiomack da Boomplay da YouTube duk su na da hanyar sauke waƙa ko bidiyo a ji daga baya. Wanda ya saurara ta nan ya fi taimakon mawaƙi a kan wanda ya je wajen mai turi, domin ana ƙirga masa. A kuma tuna da iyafis. Ba kowa ne a mota ke son jin abin da ka ke so ba, wani Alƙur'ani ya ke saurare, wani jinya za shi.

Ibada da caji: manhajar lokutan sallah da alƙibla na da amfani a garin da ba ka sani ba. Fawa-bank kuwa ya zama kamar buta, ba a tafiya ba shi. Da yawa kan haɗa da 'yar ƙaramar waya mai tocila, wadda cajin ta ke kwana uku, saboda ranar da babbar za ta mutu.

Sai abu na ƙarshe, wanda ya fi wa matasa wuya: kada a sa hoton tafiya sai an sauka. Ɗan gayun da ya rubuta "Kano ta dabo, ga ni nan tafe" da hoton motar da ya shiga, ya sanar da masoya, ya kuma sanar da waɗanda ba masoya ba.

'YAN FIM MA MATAFIYA NE

Su kan su taurarin da ake kwaikwayo, rabin rayuwar su a kan hanya ta ke. Yau lokeshin a Jos, gobe gala a Yamai ko Maraɗi ko Damagaram, jibi biki a Kumasi. Wasun su ma hanya ce ta kawo su: Hadiza Aliyu a Libreville aka haife ta, shi ya sa ake ce mata Gabon. Rahama Sadau ta kai har Indiya, ta fito a "Khuda Haafiz" kashi na 2 a 2022. Mai kallon hotunan su a filin jirgi da gilashi da akwati mai taya zai ce tafiya duk daɗi ce.

Industiri ta san ba haka ba ne. A 2003 ta rasa Balaraba Muhammad a haɗarin mota, ana tsakar bikin auren ta. Ranar 1 ga Janairu, 2007, cikin hidimar Babbar Sallah, Ahmad S. Nuhu ya rasu a haɗarin mota a Azare, ya na kan ganiyar sa. Allah ya jiƙan su da rahama. Waɗanda su ka ga waɗannan ranaku ba sai an yi masu wa'azi kan gudu da tafiyar dare ba.

Hanyar Maraɗi ma ba kullum ta ke buɗe ba. An rufe iyakokin ƙasa a Agustan 2019, kuma ta Jibiya sai a Afrilun 2022 aka buɗe ta. Bayan juyin mulkin Nijar na Yulin 2023 aka sake rufewa, Nijeriya ta buɗe nata ɓangaren a Maris 2024. Kowane rufi na nufin gala da aka fasa, biki da aka ɗage, da ɗan kasuwar atamfa da ya zauna a gida. Shi ya sa jama'ar yankin ke zuba ido kan layin dogon da aka ƙaddamar da aikin sa a Fabrairun 2021, wanda aka tsara zai tashi daga Kano ya bi ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya ya dire Maraɗi.

Akwai kuma wani bashi da ke kan masu shirya fim. Shekara da shekaru ɗan Karare na sayen kaset, ya na sayen data, ya na ɗinka abin da jarumi ya sa, ya na kallon duwatsun Jos da ruwan Tiga har ya san su kamar bayan gidan su. To shi yaushe za a nuna nasa? Ga duwatsun Ruma, ga labarin Ɗanwaire, barden da har yau ake ba yara tarihin sa, ga madatsar ruwa ta Zobe kusa da Dutsinma, ga ta Jibiya. Ba mai cewa darakta ya kwashi 'yan wasa ya nufi bakin Rugu a halin da aka shiga, rai ya fi fim. Amma labarin mutanen da su ka yi wata uku ba waya, da na amaryar da aka kai ɗaki ba kiɗa don gudun jan hankali, ba ya buƙatar a je daji kafin a rubuta shi. A 2023 gwamnatin Malam Dikko Umaru Raɗɗa ta kafa rundunar tsaro ta 'yan sa-kai na jiha, a 2025 kuma al'ummomin Jibiya da Batsari da Safana su ka yi zaman sulhu da 'yan bindiga. Ko mai ɗorewa ne, lokaci ne zai nuna. In Allah ya sa ya ɗore, ya kamata motar lokeshin ta kasance cikin na farko da za su gwada hanyar.

Kafin nan dai, saurayin nan mai tsohuwar riga ya isa Katsina. Ya watsa ruwa, ya warware shadda, ya kafa hula, ya fesa turare. Ya ɗauki hoto a Ƙofar Soro, wani a gindin hasumiyar Gobarau, dawakin hawa na wucewa a bayan sa. Wayar sa cike da sababbin waƙoƙi da kashi biyu na fim ɗin da ake jira a majalisar su. Da la'asar sakaliya zai sake ninke kayan ya maida jaka, don direbobin Batsari ba su son magariba ta riske su a hanya.

A Karare kuwa, wata tsohuwa na zaune bakin ƙofa da 'yar wayar ta a cinya. Ba ta san Xender ba, ba ta san Breaker ba. Kira ɗaya ta ke jira, kuma da ya shigo, kalma huɗu ce: "Inna, mun sauka lafiya."